Ku Tambaya Mu Amsa: jan ruwan damina, kachalar Hadejia da lakar bakin teku

Jama'a barkanmu da wannan wata. Saƙonnin da suka shigo yawancinsu a kan ruwa ne, wani daga Wudil, wani daga Yamai, har da zangon Takoradi, kuma kusan duk abu ɗaya suke kewayawa: ƙasar da ruwa ke kwasowa daga tudu, inda yake kai ta, da abinda take yi wa ruwan da muke sha.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Wudil. Duk damina in masu ga-ruwa suka kawo mana ruwa sai ka ganshi jajir, ina jefa alif in barshi ya kwana da safe ya yi garau. Maigidana yace shikenan ai ya zama ruwan sha, ni kuma hankalina bai kwanta ba saboda a lokacin ne yara ke yawan gudawa. Dan Allah waye da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiyarki ce, amma maigidan ma bai yi nisa da hanya ba, rabin aikin ya gani. Kinga abinda ke sa ruwa ja ba iri ɗaya bane. Yashi yana da nauyi, kina ajiye bokiti ya zauna a ƙasa. Laka mai laushi tana ɗaukar awanni. Shi kuwa yumɓu ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, ba su kai kashi 2 cikin 1,000 na milimita ba, kuma kowace ƙwaya na ɗauke da ɗan cajin lantarki iri ɗaya da 'yar'uwarta sai suyi ta ture juna, shi yasa za ki ajiye ruwa kwana da kwanaki bai washe ba. Aikin alif shine ya kashe wannan cajin, ƙwayoyin su manne da juna suyi nauyi su kwanta, kamar dai yadda gasara ke kwanciya a gindin roba ruwan ya taso sama.

Toh amma jar ƙasar nan ba ita kaɗai ta taho ba. Ruwan sama na farko-farko shi ke wanke bayan gari, kashin dabbobi, bola, kwatami da masai ɗin da suka cika suka tumbatsa, duk ya gangara da su rafi, kuma ƙwayoyin cuta suna maƙalewa ne a jikin lakar. Alif yana saukar da da yawa daga cikinsu ƙasa amma baya kashe su, kuma wasu suna nan a ruwan saman da kike gani garau. Haka nan in aka zuba sinadarin kulorin a ruwa mai dauɗa, dattin ne ke cinye ƙarfinsa, ƙwayoyin cutar su ɓuya a cikin laka. Masu aikin ruwa suna da ma'aunin duhun ruwa da suke kira NTU, ƙa'idar ruwan sha a Najeriya kada ya wuce 5, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fi son ya gaza 1 kafin a sa kulorin, alhali kogi da damina yana kai ɗaruruwa har dubbai.

Don haka ki bi shi daki-daki. A sa alif kaɗan, in ya yi yawa ruwan tsami zai yi. In ya kwanta a tsiyaye a hankali kar a girgiza gindin, a tace da ƙyalle mai tsabta da aka ninka, sannan a tafasa, ko a sa kulorin a jira minti 30. Kar ki raina ƙyallen nan, a ƙauyukan Bangaladash an gwada tace ruwa da tsohon zanen mata da aka ninka, kwalara ta ragu da kusan rabi. In babu alif, 'ya'yan zogale busassu da aka ɓare aka daka suna wannan aikin, matan Sudan sun daɗe suna kwantar da ruwan Nilu da su, sai dai ruwan zogale ba a ajiye shi ya daɗe, a yi amfani dashi a ranar. Randa kuma a rufe ta, moɗa ɗaya mai mariƙi. Yaron da gudawa ta kama a fara bashi ruwan gishiri da sukari nan take a kai shi asibiti, kar a jira. Allah ya raya mana su.

Tambaya: Malam ni dattijo ne a ƙasar Guri, ɗana ne ya rubuta min. Da ƙuruciyata ruwa yana zuwa da ƙarfi a ƙarshen damina ya malale fadama ya janye, mu shuka, mu kama kifi. Yanzu inda kogi yake bi da ya toshe da doguwar ciyawar ruwan nan kachala, gonakinmu kuma ruwa ya zauna a kai baya tafiya. Wasu sunce dam ne, wasu sunce canjin zamani. Me ya faru da kogin nan?

Amsa: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abinda idonka ya gani daidai ne, kuma wallahi wannan tambayar ta fi kowacce taɓa ni, domin mutanen da suka fi shan wahalar ba su aka tambaya ba lokacin da aka canza wa kogin hali.

Kogin Hadejia haɗuwar kogin Kano ne da na Challawa. An gama dam ɗin Tiga a kan kogin Kano a 1974, na Challawa kuma a wajen Ƙaraye a 1992, su biyun nan ke riƙe da mafi yawan ruwan da ke zuwa muku. Kafin su kogin yana da lokaci biyu, a watan Agusta da Satumba ya cika ya yi ƙarfi, da rani ya ƙafe har a taka a ƙafa. Kowanne da aikinsa. Ƙarfin ruwan shi ke share yashi da lakar da suka taru a cikin hanya ya watsa lakar a fadama, wannan itace takin da kuke samu kyauta duk shekara. Ƙafewar kuma ita ke kashe ciyawar ruwa. Da dam ya zo sai aka rage wa ruwan damina ƙarfi, aka kuma riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan har cikin rani saboda noman rani da ruwan shan Kano, toh kaga an cire mai shara kenan an kuma cire mai kashe ciyawa a lokaci guda.

Ita kachala ba abinda take so kamar ruwa marar zurfi wanda baya ƙafewa. Tana fitowa sai ta rage wa ruwa gudu, ruwa in ya rage gudu sai ya sauke lakar da ya ɗauko a gindinta, ƙasan kogin ya ƙara tasowa, wurin ya ƙara zama marar zurfi, sai ta ƙara yaɗuwa, haka abin yake ta juyawa shekara da shekaru. Ga kuma takin zamani da ke gangarowa daga gonakin noman rani na sama, musamman sinadarin fosfaras wanda a jikin laka yake maƙalewa ya taho, abinci ne gareta. Ƙasarku kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, tudu kaɗan ya isa ya juya kogi. Shi yasa tsohon kogin Hadejia da reshen Burum Gana suka toshe, ruwan ya karkata ya bi reshen Marma zuwa tafkin Nguru, wasu ruwa ya cinye musu gona, wasu kuma a can ƙasa suna nemansa ido rufe. Mutanen Gashuwa da Gaidam har zuwa Diffa yawancin abinda ke isa garesu na kogin Jama'are ne, wanda ba a datse shi ba tunda dam ɗin Kafin Zaki ba a kammala shi ba.

Shi ruwan da ya kwanta cikin kachala lalacewa yake. Ganye na ruɓewa a ciki yana cinye iskar da kifi ke shaƙa, ruwan ya yi baƙi yana wari, sauro ya samu gida, dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya ya yawaita, jan-baki kuma su samu wurin kwana su wayi gari a kan shinkafa da gero. Ba ku kaɗai bane Baba, a kogin Senegal da aka gama dam ɗin Diama a 1986 don hana ruwan gishiri hawowa, kachala ta mamaye wurin, tsargiya ta ɓarke a garin Richard Toll.

Ba zan ce dam sharri bane, duk wanda ya ga shinkafar Kura da tumatirin Kadawa ya san abinda Tiga ta yi wa mutane. Abinda nake cewa shine dam ana iya sarrafa shi da tunanin na ƙasa, a saki ruwa mai ƙarfi a lokacin da kogin ya saba cika bayan an sanar da mutane, a kuma bar wasu hanyoyin su bushe da rani. Ba don komai aka sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a shekarar 2000 ba sai don darajar wurin. A ɓangarenku, in za ayi gayyar yankan kachala a yanke ta a ƙarƙashin ruwa yadda kututturen zai nutse, ta ganyen take shaƙar iska, in ruwa ya rufe ta sai saiwar ta mutu. Yanka a sama ko ƙonawa sake tofowa take. Kuma a fara da buɗe bakin hanyar ruwa, garuruwan da ke kan hanya ɗaya su haɗa kai, don in na sama sun buɗe na ƙasa basu buɗe ba to ambaliya aka tura musu.

Tambaya: Salam Malam, daga zangon Takoradi a Gana. Ina zuwa Shama sayen kifi, inda kogin Pra ke shiga teku, ruwan ya koma ruwan ƙasa saboda masu galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba. Wani yace min kar in damu teku babba ce tana wanke komai. Haka ne? Kuma kifin wurin lafiya?

Amsa: Wa alaikassalam ɗan'uwa, a gaida mutanen zango. Maganar abokinka ba haka take ba, mahaɗar kogi da teku ma itace inda laka ta fi tsayawa. Ruwan kogi ya fi na teku rashin nauyi, in suka haɗu na kogi ya bi ta sama, na gishiri ya kutso ta ƙasa yana hawowa cikin kogin. Gishirin kuma aikin alif yake yi, yana taɓa yumɓu sai ƙwayoyin su dunƙule su faɗi. Ga teku tana cika tana janyewa sau biyu a rana, ta tada lakar ta turo ta ciki, ta sake janta, ta sake turowa, shi yasa sau da yawa wurin ya fi saman kogin duhu ya kuma fi tekun. A yadda Allah ya tsara abin alheri ne, a kan lakar ne itatuwan nan masu saiwa a waje da ke rayuwa cikin ruwan gishiri suke tsirowa, a gindinsu ƙananan kifi da kaguwa da jatan lande ke girma kafin su fita teku.

Matsalar itace yawa da kuma abinda lakar ta ɗauko. In ta yi yawa hasken rana baya ratsa ruwa, ciyawar ƙasa ta mutu, ƙwan kifi ya binne. Masu haƙar zinariya suna kwaɓe gaɓar Pra da Ofin da Birim da Ankobra da injina, har a 2024 kamfanin ruwa na Gana ya bayyana cewa a matatar Sekyere Hemang duhun ruwan ya kai NTU 14,000 alhali an gina ta ne don 2,000. Sannan ga zaiba da suke kama zinariya da ita. Zaiba tana maƙalewa a laka, in ta kwanta a taɓon da babu iska wasu ƙwayoyin halitta su juya ta ta koma nau'in da ke shiga naman kifi, ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye ƙarami, tana taruwa, kuma dafuwa ko banda basa fitar da ita. Abinda ya faru a Minamata ta Japan kenan, an gano cutar a 1956, kamfani ne ke zuba zaiba a ruwa, sai da aka kwashe lakar wurin aka binne, aikin da bai ƙare ba sai 1990. Mu ma mun ga irin ta a Zamfara a 2010, can dalma ce a cikin dutsen zinariya da ake niƙawa a gida ana wankewa a kududdufi, yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega.

Shawarata, mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara su rage cin manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu da masu kiwo a taɓon bakin kogin, su fi karkata ga ƙananan kifin teku irin su sadin da amane. Ba cewa nayi a daina cin kifi ba.

Kuma a Gana ɗin dai akwai kishiyar wannan. Tunda aka gama dam ɗin Akosombo a 1965 yashin da Volta ke kaiwa bakin teku a Ada ya tsaya a tafki, igiyar ruwa kuwa bata fasa kwashe na gaɓa tana yin gabas dashi ba, wannan na cikin abinda ya ƙara wa garin Keta zaizaya, har ganuwar Prinzenstein da mutanen Denmak suka gina a 1784 teku ta cinye wani sashe nata. A Masar ma bayan dam ɗin Aswan a 1970 lakar Nilu ta daina isa gonaki da teku, bakin Rashid, inda wani reshen Nilu ke shiga teku, ya yi ta ja da baya, kamun sadin ya faɗi. Namu Kainji na 1968 da Jebba da Shiroro suma suna riƙe wani kaso na abinda da zai isa Neja Delta.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Yamai. Malam me yasa kogin Isa, wato kogin Neja ko Kwara, yake cikewa da yashi har tsibirai na fitowa, amma kuma ambaliya sai ƙaruwa take? Ba ruwan ne ya ragu ba?

Amsa: Ƙanwata abu biyun uwa ɗaya ta haife su. Yamai tana ganin cikar kogi sau biyu, akwai baƙin ruwa da ke tasowa daga Gini ya ratso Mali ya iso wajen Disamba da Janairu, ya riga ya sauke lakarsa a hanya, akwai kuma jan ruwa na damina daga Gorouol da Dargol da Sirba da ke fitowa daga ɓangaren Burkina Faso, da ƙoramun da ke kewaye da birnin. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, wanda har kogin ya tsaya cak a Yamai a 1985, ga saran itace ga faɗaɗa gonaki, ƙasa ta zama tsirara ta yi ɓawo mai tauri, ruwan sama baya nutsewa sai ya ruga a guje yana yanka kwazazzabai ya kwaso yashi ya zube a bakin kogi. Kinga ruwa ya ƙaru a lokaci guda, wurin da zai bi kuma ya ragu, abinda aka gani a ambaliyar 2020 kenan. Matatar ruwa ma tana ji a jikinta, jan ruwa ya fi cin magani.

Maganin a tudu yake, kuma Nijar ce ma ke koya wa duniya shi. Ramukan tassa da na rabin-wata masu tare ruwan sama a gona, jera duwatsu a gicciye a gangare, da barin kututturen gawo da sabara da kalgo su tofo a gona maimakon a sassabe su, wanda manoman Maraɗi da Damagaram suka kama tun shekarun 1980 har ake lissafin hekta wajen miliyan 5 sun farfaɗo. Duk ruwan da ya nutse a gona yashin da zai ɗauka ya zauna kenan. Tunda karatu kike, ki leƙa Hukumar Kogin Neja ta ƙasashe 9, hedkwatarta na nan Yamai.

Tambaya: Malam ni direban tifa ne a Lakwaja. Mutane na cewa a yashe kogi ambaliya ta ƙare, mu kuma da muke ɗibar yashi ana zaginmu. Ba taimako muke ba?

Amsa: Ɗan'uwa sana'arka halal ce kuma gini baya yiwuwa sai da ku, amma yasa iri-iri ce. A 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, kilomita 572, don jiragen ruwa su samu hanya ne, kuma ambaliyar 2012 da ta 2022 duk bayansa suka zo. Ruwan da Kwara da Binuwai ke haɗawa a Lakwaja a irin waɗannan shekarun ya fi ƙarfin duk ramin da inji zai haƙa, yashi kuma dawowa yake muddin ana zaizaya a sama. A ƙananan hanyoyin ruwa da magudanan cikin gari kam yasa tana aiki sosai.

Ɗibar yashi kuma inda ake ɗiba ne magana. In aka ƙwaƙule kusa da gaɓa sai ta rufta da gonar wani, in kusa da gada ne ruwa ya ci gindin ginshiƙi, in aka zurfafa ƙasan rafi ruwan rijiyoyin gefe ya bi shi ya sauka, ga ramukan da yara ke faɗawa in ruwa ya rufe su. Yashin nan shi ke tace ruwan da mutane ke tona ƙaramar rijiya su ɗiba da rani. Ku ɗiba a tsibiran yashin da ruwa ya tara a tsakiya bayan ya janye, ku nisanci gada da gaɓa da inda ake jan ruwan sha, kar a wanke mota ko a zubar da baƙin mai a cikin kogi, kuma ƙungiyarku ta zauna da masunta da masu unguwa a shata wuraren tun kafin damina.